Tammar da Babu Sunan Gwamnati a Jikinta

A watan Fabrairun 1920 farashin azurfa a kasuwar Landan ya kai inda bai taɓa kaiwa ba: kwabo 89 da rabi kowane oza, abin da kafin yaƙin duniya na farko bai cika kwabo 30 ba. A Faransa wannan labari bai tsaya a bakin attajirai ba, har aljihun mai shara ya taɓa. Faran ɗaya, wato tamma a bakin mutanen Nijar, tsabar azurfa ce mai nauyin giram 5, kashi 835 cikin dubu azurfa zalla. Da azurfa ta yi tsada, kuɗin Faransa kuma ya faɗi, sai ya zamana ƙarfen da ke jikin tamma ɗaya ya fi tamma biyu daraja. Duk wanda ya miƙa ta ga mai burodi ya yi kyautar fiye da rabinta. Ba wanda ya jira malami ya yi masa wannan lissafi. Tsabar ta shige akwatuna da ƙarƙashin katifu, wata ta faɗa tukunyar masu narkarwa, wata ta tsallaka iyaka.

Ba kuɗi ne suka ƙare a ƙasar ba. Takardun kuɗi ma yawa suka yi, don da su aka ci bashin yaƙi. Canji ne babu. Mafi ƙanƙantar takardar Bankin Faransa ta tamma 5 ce, alhali rayuwar talaka ƙasa da nan take tafiya: burodin safe, madara, jarida, kuɗin taragon cikin gari, gawayin ɗumama ɗaki. Mai babban ciniki yana rubuta cek ya wuce. Matar da ta fito cefane da takardar tamma 5 ita ke tsayawa a gaban kanti, mai kanti yana juya aljihun tebur yana rantsuwa.

Asalin matsalar ya girmi ƙarshen yaƙin. Tun ranar 5 ga Agustan 1914 aka kafa dokar da ta ɗauke wa Bankin Faransa wajibcin musanya takardarsa da zinariya. Mutanen karkara, waɗanda kakanninsu suka ba su labarin yadda takardun zamanin juyin juya hali suka zama shara, nan take suka fara ɓoye duk abin da ke ƙara idan ya faɗi ƙasa. Zinariya ta fara ɓacewa, sai manyan tsabobin tamma 5, sannan ƙanana. Bankin ya fito da takardun tamma 5 da 20 da ya tanada, amma ƙasa da haka bai sauka ba. A nan ne majalisun 'yan kasuwa suka shigo.

Waɗannan majalisu tsofaffi ne a Faransa. Ta Marseille tun 1599 ake lissafa ta. Attajirai da masu masana'antu na kowane yanki ne ke zaɓar wakilansu, doka ta san da su, suna kula da tashoshin jiragen ruwa da rumbuna da makarantun ciniki. A tsakiyar watan Agustan 1914 ministan ciniki ya amsa musu cewa gwamnati ba za ta hana su buga ƙananan takardu ba. A lura da kyau: ba a ce an ba su ikon buga kuɗi ba, kawar da kai aka yi. Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Majalisa za ta ajiye manyan takardun Bankin Faransa a reshen bankin, ta buga ƙananan takardu na santim 50, tamma 1 da tamma 2 daidai da abin da ta ajiye. Babban kuɗi ne aka farfasa, ba a ƙirƙiri sabo ba. Majalisu sama da ɗari suka yi haka, kowace da zanenta da tambarin garinta, kowace kuma takardarta iyakar yankinta take aiki. A arewacin ƙasar da Jamusawa suka mamaye, irin su Lille da Roubaix da Tourcoing, hukumomin garuruwa har da ƙananan ƙauyuka ne suka buga nasu don biyan ma'aikata da ciyar da iyalan sojoji, da kuma biyan tarar da 'yan mamaya ke ɗora musu.

Duk tsawon yaƙin gidan buga kuɗi na Faris bai daina buga azurfa ba. Ko da gwamnati ta gudu Bordeaux a Satumbar 1914, an kwashi wasu injuna zuwa wani ƙaramin gari, Castelsarrasin, aka ci gaba da aiki a can. Miliyoyin tsabobi masu hoton mace tana shuka, zanen Oscar Roty, suka riƙa fitowa shekara bayan shekara, suna ɓacewa kamar ana zuba ruwa a kwando. Ƙananan tsabobin tagulla na santim 5 da 10 su ma suka yi wuya, domin jan ƙarfe na harsashi ne a lokacin. A 1916 aka kafa doka kan masu cinikin tsabar kuɗi sama da darajarta. Doka ta kama 'yan kaɗan, ba ta fito da ko tamma ɗaya daga ƙarƙashin katifa ba.

Da aka tsagaita wuta a Nuwamban 1918 kowa ya ɗauka abin ya zo ƙarshe. Maganar da ake jingina wa ministan kuɗi Louis-Lucien Klotz, cewa Jamus ce za ta biya, ta zama abin da ake kwantar da hankali da shi. Sai al'amari ya ƙara dagulewa. A Maris ɗin 1919 Ingila da Amurka suka janye tallafin da ya riƙe darajar tamma lokacin yaƙi. Fam ɗin Ingila, wanda a da tamma 25 da 'yan kai ne, ya haura 60 a Afrilun 1920. Kayan masarufi sun ninka kusan sau huɗu a kan na 1914. A daidai lokacin kuma duniya ke wawar azurfa: Indiya na buƙatarta don buga rufi, har Amurka ta narkar da dalolin azurfa kimanin miliyan 270 a ƙarƙashin dokar Pittman ta 1918, mafi yawa don a tura can, Sin na saye, ma'adinan Meziko kuma sun ja baya saboda yaƙin basasa.

Akwai kuma wata kafa da gwamnati ta gina da hannunta. Tun 1865 Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar kuɗi, Girka ta shigo daga baya, a kan cewa tsabobinsu nauyi ɗaya ne, azurfa ɗaya, kuma na kowa yana aiki a ƙasar kowa. Suwizalan ba ta shiga yaƙi ba, kuɗinta bai faɗi ba. Saboda haka tammar azurfa ta Faransa, da zarar ta isa Geneva, ta zama tammar Suwizalan, wadda za a iya canzawa a komo gida da fiye da ninki biyu na takarda. 'Yan fasa-ƙwauri ba su taɓa samun sana'a mai sauƙi irin wannan ba. Sai a Maris ɗin 1920 ƙasashen biyu suka amince kowa ya kwashe ƙananan tsabobinsa daga ƙasar ɗan'uwansa, lokacin kuwa an riga an yi ɓarna.

A shekarun nan, daga 1919 zuwa wajen 1923, kuɗin gari-gari ya yi yawan da ba a taɓa gani ba. An fara shi tun cikin yaƙi: majalisar 'yan kasuwan Marseille ta buga tsabobin santim 5 da 10 na alminiyam a 1916, ta Bayonne ta buga na baƙin ƙarfe a 1917. Bayan yaƙi kowa ya shigo. Majalisar Nice ta buga nata a 1920. Majalisun yankin Provence suka haɗa kai suka yi na tarayya don ya yi aiki a garuruwa da dama. Ƙungiyoyin masu kantuna, kamfanonin tarago, masu ma'adinan kwal, masaƙu, gidajen shan gahawa, shagunan haɗin gwiwar ma'aikata, kowa da tsabarsa. An yi da tutiya, an yi da farin ƙarfe da tagulla, an yi da kwali. Amma alminiyam ya fi yawa, don Faransa na da dutsen da ake samunsa a kudancinta, masana'antunsa sun faɗaɗa saboda yaƙi, kuma ba shi da tsadar da za ta sa wani ya ɓoye shi. Sirrin kuɗin larura ke nan: dole ya zama abin da ba wanda ke kwaɗayin ajiyewa. Da yake ƙarfen ba shi da nauyin da hannu zai bambance, sai aka bambanta da siffa. Wani zagayayye, wani mai kusurwa huɗu, wani takwas, wani mai baki kamar fure, wani da huda a tsakiya, yadda mai sayar da tikiti zai gane shi da yatsa ba sai ya duba ba.

Masu tara tsofaffin kuɗi a yau suna kallon waɗannan abubuwa da sha'awa, suna yaba hikimar garuruwa. Hikimar tana nan, amma wanda ya rayu da su bai ji daɗinsu haka ba. Matafiyin da ya taso daga Toulouse zuwa Lyon zai sauka da aljihu cike da abin da ba mai karɓa. Takardun majalisun kan yage, su yi baƙi da maiƙo, a liƙe su, a sake liƙewa. Masu jabu sun same su da sauƙi. Tsabar da mai kanti ya bayar a matsayin canji kuwa igiya ce: ba inda za a kashe ta sai wurinsa ko wurin 'yan ƙungiyarsu, don haka mai saye ya dawo ko yana so ko ba ya so. In ta ɓace, ko aka bar gari da ita, ribar mai bugawa ce. Takardun majalisu aƙalla akwai ajiya a banki da ke tsaye musu. Na ɗan kanti ba abin da ke bayansa sai sunansa a unguwa, in ya karye shi ke nan.

Inda ko wannan babu, sai aka koma ga kan sarki. Mutane suka riƙa ba juna canji da kan sarkin santim 5, 10 da 25, wanda ba ya jure hannu uku kafin ya manne ko ya yage. A ƙarshen Maris ɗin 1920 wani mai suna Édouard Bouchaud-Praceiq ya yi rajistar dabararsa: a sa kan sarki a cikin ɗan faifan ƙarfe, a rufe fuskar da abu mai gani-gari, bayan kuma a sayar wa masu talla. Bankuna irin su Crédit Lyonnais da Société Générale da masu man mota da masu giya suka saya. Sai ga babban banki yana tallar kansa a bayan abin da ke shaida cewa ƙasar ta kasa samar da santim goma.

Mafitar da gwamnati ta samo ita ce ta fi komai ban sha'awa a wannan tarihi. A 1920 aka buga tammar azurfa ta ƙarshe. A madadinta aka fito da tsabobi na tamma 2, tamma 1, daga baya santim 50, na jan ƙarfe gauraye da alminiyam kaɗan, masu launin rawaya, nauyin giram 8, 4 da 2. Gidan buga kuɗi na gwamnati ne ya tsara aikin, kuma daga iyaka zuwa iyaka suke aiki. To amma a duba jikinsu. Babu sunan Jamhuriyar Faransa, babu takenta, babu hoton macen da ke wakiltarta. A fuska ɗaya akwai Mercure, gunkin fatauci na Rumawa, a zaune, zanen da aka tono daga wata tsohuwar lamba ta Joseph-François Domard, mutumin da ya mutu tun 1858. A ɗaya fuskar an rubuta sunan majalisun 'yan kasuwan Faransa, da kalmomin da ke cewa wannan madadin tamma ɗaya ne. Madadi, ba ita kanta ba.

Dalilin da aka bayar na shari'a ne, kuma gaskiya ne: yarjejeniyar 1865 ta ce tammar ƙasashen nan azurfa ce, don haka gwamnati ba ta da damar buga ta da tagulla da sunanta. Amma a ganina wannan rabin magana ce. Dokar 1803 ta tsayar da tamma a kan giram 5 na azurfa, kuma ta tsaya a nan fiye da shekara ɗari, ta ga sarakuna da jamhuriyoyi sun zo sun wuce. Miliyoyin Faransawa sun ba gwamnati rancen yaƙi, da yawa sun kai zinariyarsu banki da hannunsu a 1915, bisa alkawarin za a biya su da tamma irin wadda suka sani. A ƙasar da ta rasa mutum kusan miliyan 1.4, ba ɗan siyasar da ke da ƙarfin halin fitowa ya ce wa gwauraye da tsofaffi ajiyarsu ta narke. Buga tagulla da sunan Jamhuriya daidai yake da faɗin haka. Sai aka ari sunan 'yan kasuwa, aka ce na wucin gadi ne, azurfa na nan dawowa. Ingila a 1920 ta bi wata hanya: ta rage azurfar sulenta daga kashi 925 zuwa 500 cikin dubu, ta bar hoton sarkinta a kai, ba ta ɓoye ba. Wasu ƙasashen Turai kuwa dabarar madadi suka kwafa, ko da yake da sunan ƙasa a jiki. Beljiyam da Italiya sun fito da nasu a 1922, Romaniya a 1924.

A Jamus, inda ƙarancin canji ya fara tsananta tun 1916, abin ya bi wata hanya dabam. Garuruwa sun buga tsabobin tutiya da baƙin ƙarfe kamar na Faransa, sannan suka gano cewa masu tarawa na saye ba su dawo da shi. Nan larura ta koma kasuwa. Masana'antar tangaran ta Meissen ta gasa tsabobin yumɓu wa jihar Saxony a 1921, Bielefeld ta buga a kan siliki da lilin, wasu garuruwa a kan fata. A Yulin 1922 aka haramta, amma hauhawar farashi ta tilasta a sake buɗe ƙofa cikin 'yan watanni. Lardin Westphalia, wanda ya fara da tsabar rabin mak a 1921, ya ƙare da mai ɗauke da shekarar 1923 da darajar mak tiriliyan ɗaya. A Nuwamban shekarar dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Faransa ba ta je kusa da nan ba, kuma ajiyar nan da majalisu ke yi a banki kafin su buga tana cikin dalilai.

Ƙarancin bai tsaya a Turai ba, domin tsabar da ake kashewa a ƙasashen da Faransa ke mulka daga Faris take zuwa. Majalisun 'yan kasuwan Aljeriya sun buga nasu a Aljas da Oran da Bône da Constantine. A Afirka ta Yamma, wata doka ta 11 ga Fabrairun 1917 ta ba da damar buga ƙananan takardu na santim 50, tamma 1 da tamma 2 da sunayen Sanagal, Gini, Kwaddibuwa da Dahomey. A 1920 majalisun Dakar da Rufisque da Kayes suka buga tsabobinsu, Ziguinchor ta biyo a 1921. Zaɓin garuruwan ba haɗari ba ne. A lokacin Rufisque ita ce cibiyar gyaɗa, Kayes kuma nan jirgin ruwan kogin Sanagal ke haɗuwa da jirgin ƙasa mai zuwa Bamako. A jikin tsabarta an rubuta sunan yankin Haut-Sénégal-Niger, wanda a ƙarshen shekarar aka sauya masa suna, wato Mali ta yau. Kamfanonin Turawa ne ke cikin waɗannan majalisu, kuma damuwarsu kaka ce: manomi ya kawo gyaɗa, yana son azurfa, babu. A ƙasar Hausa ta ɓangaren Faransa, wadda a lokacin daga Damagaram ake mulkinta, wuri bai gama barin kasuwa ba, shi ke ɗauke ƙaramin ciniki kamar yadda ya saba, duk da ƙoƙarin Turawa na kashe shi. Togo da Kamaru sun sami tsabobinsu na rawayan ƙarfen nan daga 1924.

A ɓangaren Ingilishi ma haka aka sha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe a shekarar da ta biyo, kuma da sulen azurfa ake sayenta. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta kasa samar da isassun sulalla a ƙarshen yaƙi, har gwamnatin Legas ta buga takardun gaggawa a Disambar 1918, ciki har da ta sule ɗaya. Manoma ba su yarda da ita ba, kuma suna da hujja: gara na ci, ruwa na lalatawa, gobara na lashewa, maƙeri ba zai mai da ita munduwa ba. Wanda aka tilasta wa karɓa yakan kai wa 'yan canji su rage masa wani abu kafin su ba shi ƙarfe. A 1920 hukumar ta daina azurfa, ta fito da sule da sisi da taro da fataka na rawayan ƙarfe. Manomin gyaɗa a Kano da matar cefane a Lyon, ba su san juna ba, a shekara ɗaya aka raba su da azurfa.

A Faransa rawayan tsabobin sun fara wadatuwa daga 1921 zuwa 1923, kuɗin gari-gari ya riƙa ja baya. A 1926 aka janye takardun majalisu. A Yulin shekarar tamma ta yi faɗuwar da fam ya kai wajen 240, aka kira Raymond Poincaré ya kafa gwamnati, ya tsayar da ita. Yarjejeniyar 1865 ta mutu a ƙarshen shekarar. Sai ranar 25 ga Yunin 1928 doka ta faɗi abin da kowace mai sayar da kayan miya ta sani tun shekara takwas: tamma ta koma kashi ɗaya cikin biyar na darajarta ta da. Azurfa ta dawo a 1929, amma a tsabar tamma 10 mai nauyin giram 10, daidai nauyin tsohuwar tamma 2, kuma azurfarta ba ta kai ta waccan kyau ba.

A 1931 gidan buga kuɗi ya fito da sababbin tsabobi na tamma 2, tamma 1 da santim 50, zanen Pierre-Alexandre Morlon. Ƙarfen bai sauya ba, nauyin bai sauya ba, girman ma haka. Abin da aka ƙara shi ne kan macen Jamhuriya da sunan ƙasa, aka cire kalmar madadi. Ba a yi wata hayaniya ba, don yaran da suka taso bayan yaƙi ba su san wata tamma ba sai rawaya. Tsabobin majalisun 'yan kasuwa suka ci gaba da yawo tare da sababbin, suka ga wani yaƙin ya zo, suka ga an koma buga tamma da alminiyam zalla a 1941, ba a janye su ba sai bayan an gama shi.